Haƙorin da Na Ɗauko a Kufai

Mu Barebari ne. Haka aka raine ni ina faɗa, kuma da ƙarfi nake faɗa, musamman ranar kasuwar Minjibir in wani ya tsokane ni. Ban taɓa taka Barno ba. Barbarci kuwa, in ka cire gaisuwar ushe-ushe da ake mana ba'a da ita, ko ruwa ban iya roƙa da shi ba. Baba, mahaifina, shi ne na ƙarshe mai tsage a gidanmu, dogaye a kumatunsa, tsufa ya haɗe su da tamoji har sai ka matso za ka gane. Duk da haka in gardamar asali ta tashi ba a kayar da ni. Malamin firamare ne ni, na saba in yi magana a yi shiru.

Hujjata kullum ita ce kufai. Bayan gonarmu ta gero akwai wani tudu mai tsohuwar kuka. An ce kakan kakanmu, malami, ya taso daga gabas da jakinsa da gafakarsa, ya sauka a gindin kukar, ya zauna. Daga baya gari ya tashi ya koma kusa da rijiya, amma mu ba mu daina binne mamatanmu a gabas da kukar ba, ko da yake sauran mutane makabartar gari suke kai nasu. A wurinmu gona na manne da gona, ba a barin ko tafin hannu babu shuka, amma wannan tudun ba a taɓa sa masa garma ba.

Kowace kaka, in an yanke gero, mata sukan daka gumba da sabon hatsi a zuba ƙwarya biyu. Babbar a kai gabas da kuka, maza su zauna a yi wa magabata addu'a, a raba. Ƙaramar kuwa Baba ne yake ɗauka da hannunsa, ya zaga yamma da kukar, inda babu alamar kabari sai tsingaro a warwatse. Ya tsaya can shiru, ba ya ɗaga hannu, ba ya shafa Fatiha. In ya gama tsayuwarsa sai ya miƙa wa duk wanda ya fara wucewa a turba. Sunanta ƙwaryar masu gida. Na taɓa tambayarsa su wane ne masu gidan, ya ce in ci gumbata in bar mutane su huta. Ban sake tambaya ba, na ɗauka irin ta'adar tsofaffi ce da ba ta da dalili.

Shekarar da abin ya faru Baba yana kwance tun shuka. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Ba ya ƙorafin ciwo, magana ɗaya ce yake maimaitawa kusan kullum, in na shiga gaishe shi: «In ta yi, kufai za ku kai ni, kusa da mahaifina. Kada ku bari a ce ruwa ko nisa.» Ni kuma in ce, «In sha Allahu, Baba, sai ka ga gumbar bana.»

A shekarar ne kuma aka gyara hanyar da ta bi ta arewa da mu, aka juya ruwan kwalbati ya riƙa gangarowa ta gefen tudun. Da marka ta kankama sai ruwan ya fara cin ƙasa. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa na fita duba gero, na tarar kwazazzabo ya buɗe a yamma da kuka, zurfinsa ya kai ƙirjina. A jikin bangonsa na ga cikin wata tukunya, girmanta kamar randar gidan biki, gefe guda ya fashe. Na ɗauka tsohuwar randa ce. Da na sauka na leƙa, sai na ga mutum. Ƙasusuwa ne, a naɗe, gwiwoyi sun haɗu da ƙirji, kai ya sunkuya. Gaba kaɗan ga bakin wata tukunyar ya fito, ga ta uku.

Ba sai an gaya mini ba, Musulmi ba a binne shi a tukunya, ba a zaunar da shi. Kuma daga inda nake tsaye ina hango duwatsun kabarin kakana. Abin da ya fara zuwa raina ba Allah ba ne, ina jin kunyar faɗa. Bakin mutane ne ya zo mini, sannan fuskar Baba.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kunya. Babbar 'yata tana karatun kimiyya a jami'a a birni. Da ta zo hutu ta cika mu da labarin yadda masana suke ɗaukar tsohon ƙashi ko haƙori, su ciro ƙwayoyin halitta a ciki, su gane daga ina mutanen da suka shuɗe suka taso, da wa suka cuɗanya. Lokacin gardama na yi mata, na ce asali a baki yake, a wurin dattawa, ba a kwalba ba. Amma ran nan a cikin kwazazzabo maganarta ce ta dawo mini daram. Ga wani turmin haƙori ya zube daga muƙamuƙin, yana kan laka. Na waiga ban ga kowa ba. Na ɗauka, na goge da bakin riga, na zazzage kwalin ashana na sa shi a ciki. Nufina a gwada, a rubuto mini a takarda cewa waɗannan mutane ba namu ba ne, in nuna wa duk mai baki. Na tura ƙasa na rufe tukwanen, na saro ƙaya na ɗora.

Rufin bai yi kwana uku ba. Ruwa ya sake zuwa ya kwashe ƙayar, kuma turbar nan ba ta rabuwa da masu zuwa gona. Ranar Juma'a, muna fitowa daga masallaci, wani saurayi da na koyar da shi karatu da hannuna ya dube ni ya ce, «Malam, ashe shekara da shekaru a kan arna kuke ta addu'a?» Wasu suka yi dariya. Abokin wasana Bafulatani, wanda muka shekara talatin muna zagin juna babu ɓacin rai, ya dafa kafaɗata ya ce, «Babarbaren tukunya!» Da wata rana ce da na rama har sai ya gudu. Ran nan takalmina kawai na duƙa ina nema.

Liman ya ja ni gefe. Dattijo ne mai sanyin hali, ba ya son tozarta mutum. Ya ce, «Malam, ba na son yanke magana da ka. Amma in ta tabbata wurin nan makabartar waɗanda ba Musulmi ba ce, to gara nan gaba a riƙa kai naku makabartar gari. Ina so in zauna da Baba.» Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Na ce Baba ba shi da ƙarfin jin wannan, in ya ji ƙarasa shi za a yi. Na koma gida na tara mata da yara na kafa doka, duk wanda ya kai maganar ɗakin Baba zai gamu da ni.

Makon nan ban ji daɗin komai ba. Tuwo ba ya wucewa. In na ga hadari ya haɗo ta gabas sai in fita ina hangen tudun, ni da na saba murna da hadari. In Baba ya yi tari mai tsawo sai in tsaya cak a tsakar gida ina lissafi: in ta yi yau, ina za mu kai shi? In na kai shi kufai a yi rigima a kan gawa. In na kai shi makabartar gari na ci amanarsa. Ga kuma kwalin ashana. Kwana biyu yana aljihuna, da shi na yi ta shiga sahu, sai a raka'a ta biyu ta wata la'asar na tuna abin da nake ɗauke da shi, na rasa ko sallar ta yi. Na ɓoye shi a cikin akwatin takarduna, sai na kasa zama a ɗakin. Na mayar da shi aljihu. Duk wanda ya ce a ba shi ashana sai in zabura kamar an kama ni da kayan sata, kuma kayan satar ne.

Ran Talata na hau mota na tafi birni. Na sami 'yata ta fito daga aji, muka zauna a kan wani benci a gindin darbejiya. Na ba ta labari, na buɗe kwalin. Ta dafe ƙirji.

«Abba, me ka yi haka? Haƙorin mutum ne fa!»

«Na san na mutum ne. Ba ke kika ce ana gwadawa ba? Ki kai wa malamanku.»

«Ba haka ake yi ba wallahi. Sai da izinin hukuma, da yardar mutanen wurin. Masu aikin ma safar hannu suke sawa, su rufe baki da hanci. Kai ka taɓa shi, ka goge da riga, ya sha guminka kwana da kwanaki. In aka gwada yanzu wataƙila ƙwayoyin halittarka za a gani.»

Ta ce ko da an bi ƙa'ida, ƙasa mai zafi da damshi irin tamu takan lalata abin da ake nema, sau da yawa a buɗe a tarar babu komai. Wuraren da ake irin wannan aikin suna da nisa, kuma ba aikin mako ba ne, ba na wata ba. Na ce to a bar duk wannan, in an dace ya yi, me zai ce?

«Ba zai ce Babarbare ko Bahaushe ba, Abba. Ba zai ce Musulmi ko arne ba, wannan ba ya cikin ƙashi. Iyakarsa ya ce mutumin nan ya fi kama da waɗancan, yana da ɗan jinin waɗannan. Kusan duk inda aka duba abin da ake gani ke nan, wasu sun zo, sun tarar da wasu, an haihu. Kuma tukunyar ma ba hujja ba ce. Na karanta cewa can wajen tafkin Cadi ma an sami mutanen da da aka binne a tukwane.»

Raina ya ɓaci. Na ce ashe duk surutun da ta cika mu da shi da hutu na banza ne, ilimin da ba zai raba gardama ba ina amfaninsa. Ta bar ni na gama faɗana, don ta san halina. Sannan ta ce a hankali, «Abba, kai me kake so ya ce?»

«Ya ce ba namu ba ne.»

«In kuma ya ce namu ne fa?»

Na rufe kwalin na tashi. Ta raka ni bakin titi, ta ce in gaida mata mijinta, haka take kiran kakanta, in ce masa kada ya kuskura ya tafi bai ba ta gumbar bana ba. A mota, tun daga tashar Bacirawa har gida, tambayar nan ce take cina. Ban taɓa kawo ta a raina ba, ko sau ɗaya.

Ina shiga gida, kafin in cire takalmi, aka ce Baba yana kira. Na tarar da shi a jingine da bango. Bai amsa gaisuwata ba.

«An ce ruwa ya buɗe masu gida.»

Na fara kame-kame, ina tambayar wa ya gaya masa. Ya ce, «Ƙafata ce ta kumbura, ba kunnena ba. Matan da suke zuwa dubiya a bakin ƙofar nan suke raɗa. Gobe da safe ƙaninka ya ɗaura amalanke. Ka gaya wa liman ina roƙonsa ya zo.»

Na ce jikinsa ba zai ɗauki jijjiga ba. Ya ce ai ko ba jima ko ba daɗe wannan hanyar za a bi da shi, gara ya je yana gani.

Da hantsi muka shimfiɗa katifa a amalanken shanu, muka ɗora shi. Ƙanena yana jan shanun, ni da liman muna biye a ƙasa. Gero ya yi kai, turba ta matse, ganye yana shafar fuskar Baba. Duk ramin da ƙafar amalanken ta faɗa sai in kai hannu in tallafe shi. Da muka isa ya ce a matsa da shi bakin kwazazzabon. Ya daɗe yana kallon tukwanen. Ni kuma fuskarsa nake kallo, ina jiran ta rushe. Ba ta rushe ba. Ya juyo gare ni.

«Kai mai gardamar kasuwa. Malamin nan da ya zo da jaki da gafaka, ka taɓa jin an ce ya zo da mace?»

Na ce a'a.

«To kai daga allo ka fito?»

Liman ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Baba ya numfasa, ya ci gaba, yana yi yana hutawa. Ya ce mutanen da malamin ya tarar a kan tudun nan su suka ba shi wurin zama, suka ba shi gona, daga baya suka ba shi 'yarsu. Ta musulunta, ita ta haifi duk wanda muke kira namu. Tana gabas da kuka, kusa da mijinta. Iyayenta da kakanninta kuwa suna nan yamma, a yadda suka saba binne nasu. Da za ta rasu ta roƙi 'ya'yanta abu ɗaya, kada a nome kan iyayenta, kada a bari a manta suna wurin.

«Ƙwaryar ke nan,» in ji Baba. «Ba na roƙa musu abin da ba a ba ni izinin roƙa ba. Tsayawa nake yi a ga wurin yana da mai shi, in ba da sadaka, in tafi. Mahaifina ya gaya mini da zai miƙa mini ƙwaryar. Na so in gaya maka bana da kaka, ruwa ya riga ni.»

Na ce, «Baba, me ya sa ba a faɗa wa kowa?»

«Saboda irinku. Kowa yana son kakan da ya zo da littafi. Wa ka ji yana alfahari da wadda ta daka masa gero?»

Liman ya taka ya zaga kukar, ya duba kaburburanmu, ya dawo. Ya ce shi bai ga abin hani ba. Namu suna gabas a jere, suna fuskantar alƙibla, waɗancan suna yamma, ga kuka da tazara a tsakani. A mayar da ƙasusuwan a rufe su da mutunci, don ɗan Adam ne, kuma shi zai yi wa masu surutu magana. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Da na yi shiru a nan da an tashi lafiya. Amma kwalin yana ƙona mini cinya. Na ciro shi na buɗe, na faɗi abin da na yi, har zuwana birni.

Ban taɓa ganin Baba ya dube ni haka ba, ko ina yaro. Ya karɓi kwalin, ya juye haƙorin a tafinsa.

«Ka shiga masallaci da shi?»

«Na shiga, Baba.»

«Ka kai shi birni a mota, kamar kaza. Don a rubuto maka cewa ba ka san shi ba.»

Na durƙusa a jikin amalanken, ina da furfura, ina da 'ya a jami'a, hawaye yana zubo mini. Ya bar ni a haka har sai da shanu suka fara gajiya da tsayuwa. Sannan ya miƙo mini haƙorin ya ce, «Sauka ka mayar wa dangin kakarka abinsu. Ka nemi gafarar Allah.» Na sauka na sa shi a cikin tukunyar, daidai inda na ga ya dace. Da na hauro, ina share fuska, sai ya buɗe mini bakinsa, dasashi zalla, ya ce, «Ni dai in ruwa ya buɗe ni, ba abin da za ka samu ka sa a aljihu.» Har liman sai da ya yi dariya a fili.

Ran nan da washegari muka cike wurin, ni da ƙanena da maƙwabtan gona, har da saurayin da ya yi mini gatse. Baba ya ga yankan gero, ya ɗanɗana gumbar da ɗan yatsa, ya aika wa matarsa ta birni da nata. Ƙaramar ƙwaryar ni na ɗauka, na zaga yamma na tsaya. Ban san tsayuwar tana da nauyi haka ba. Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu, muka kai shi gabas da kuka, kusa da mahaifinsa, babu wanda ya ce uffan.

Abokin wasana har yau Babarbaren tukunya yake kirana, ni kuma ina amsawa. 'Yata ta ce wata rana, in an sami masu aikin da izini, tana so a bincika tudun yadda ya kamata. Na ce ta bari sai ƙwaryar ta zo hannun wanda zai iya yanke wannan, ni na riga na taɓa sau ɗaya.

Ruwan kwalbatin dai bai daina zuwa ba. Mun jera buhunan yashi, mun dasa ciyawar jema a bakin kwazazzabon, mun kai koke wurin hukuma, amma kowace damina sai ya ɗan ci. Yanzu ya zagayo ta arewa da kukar, ya nufo gabas. Duk safiyar da aka yi ruwa, kafin in karya, nakan je in auna da ƙafata daga bakin ramin zuwa kabarin Baba. Bara taku ashirin da biyu ne. Bana, da na auna bayan ruwan farko, sha tara na samu, na koma na sake aunawa da ƙananan taku.